Bayan Dashen Ƙoda: Amsoshin Tambayoyinku Kan Jinya a Gida da Komawa Harkokin Yau da Kullum

Tun daga shekarar 2002, lokacin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi dashen ƙoda na farko, shekara biyu bayan asibitin St. Nicholas da ke Legas ya buɗe wannan hanya a Najeriya, yawan mutanenmu da ke yawo da ƙodar wani a jikinsu yake ta ƙaruwa. Wasu a gida aka yi musu, a Kano ko Maiduguri ko Abuja, wasu kuma a Indiya ko Masar. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duka sun shafi abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti. Abin da za mu faɗa bayani ne na gaba ɗaya, kuma duk inda ya saɓa wa umarnin likitan da ya san majinyaci, to maganar likitan ce a gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yau sati uku ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda, kuma mun dawo gida lafiya. Likita ya ce a taƙaita masu shiga wurinsa, amma tun da muka dawo gidan bai rabu da 'yan dubiya ba, wasu da abinci, wasu da magungunan gargajiya. Da na yi magana, sai surukata ta ce hana mutane ganinsa wulaƙanci ne. Yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, muna yi muku barka da arziki, Allah Ya ƙara masa lafiya. Kina kan daidai, kuma zai fi miki sauƙin shawo kan Mama idan kin san dalilin da ya sa likita ya faɗi haka. Jikin ɗan Adam yana da garkuwa wadda aikinta shi ne yaƙar duk wani baƙon abu da ya shigo, kuma wannan garkuwa ba ta bambance ƙwayar cuta da ƙodar ɗan'uwa. Duka biyun baƙi ne a wurinta. Saboda haka ake ba wanda aka yi wa dashe magungunan da ke raunana garkuwar da gangan, kuma a watanni uku zuwa shida na farko ne ake ba shi su da ƙarfi fiye da kowane lokaci. A wannan tsakani, murar da wani zai yi kwana uku ya warke tana iya kai maigidanki gadon asibiti, kuma yaron da ke ɗauke da ƙyanda ko ƙarambau, ko dattijon da ya daɗe yana tari ba a san tarin fuka ne ba, haɗari ne babba gare shi.

Dubiya ibada ce, kuma ba za mu ce a rufe ƙofa ba. Shawararmu ita ce kada ke ki zama mai hanawa, domin maganar da ta fito daga bakin matar gida a irin wannan hali takan zama abin riƙo a dangi. Ki nemi wani babba daga ɓangarensa, yayansa ko kawunsa, ya raka ku asibiti ranar da za ku koma ganin likita, ya ji da kunnensa, sannan shi ya sanar da dangi. A ware lokaci guda a rana, misali bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a zaure inda iska ke ratsawa, maigida ya zauna ɗan nesa da takunkumi a fuskarsa, a gaisa ba tare da musabaha ba, a yi addu'a a tashi. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Mai mura, mai tari, mai gudawa da ƙananan yara su dakata tukuna, su yi gaisuwarsu ta waya.

Abincin da aka kawo a karɓa da godiya, mutanen gida su ci, amma shi ya ci wanda aka dafa a gidanku aka sauke da zafinsa. A wannan lokaci ya ƙaurace wa nonon da ba a tafasa ba, da fura da nonon talla, da tsire da kilishin bakin titi, da kankana ko abarbar da aka yanka aka ajiye a faranti, da zoɓo da kunun aya na ƙulli waɗanda ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba, da ƙwan da bai dahu sosai ba. Ruwan shansa a tafasa shi, ko kuma ya zama na gora mai inganci, kuma ya sha da yawa kamar yadda likita ya ƙayyade. Wannan yakan zo wa mutane da wahala, domin wanda ya yi shekara yana wankin ƙoda ana auna masa ruwa da kofi, sai ga shi yanzu ana ce masa ya sha lita biyu ko uku. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Garehul kuwa, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake kira grapefruit, da lemonsa na kwali, haramun ne gare shi a likitance, domin yana sa maganin dashe ya taru a jini har ya zama guba.

Batun maganin gargajiya ba shi da sassauci. Duk wani jiƙo, tsimi, sassaƙe ko garin magani, komai amincin wanda ya kawo shi, kada ya kai bakinsa, domin ba a san yadda zai yi da magungunansa ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe su kansu suna cutar da ƙoda. Idan tofi ne aka yi masa, a yi a ruwan da kuka tafasa da kanku a cikin kofi mai tsabta. Idan akwai tattabaru ko kaji a gidan, kada ya kusanci akurkinsu, domin busasshen kashin tsuntsaye yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama huhu da ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa. Ya kwana a gidan sauro kullum.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki, da na'urar awon hawan jini, da sikeli, da ƙaramin littafi, kowace safiya ki rubuta abin da suka nuna tare da kimanta yawan fitsarinsa. Idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko fitsari ya ragu sosai, ko yana jin zafi wajen yinsa, ko ƙafafu suka kumbura, ko nauyinsa ya ƙaru da kilo ɗaya zuwa biyu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa, ko amai da gudawa suka hana maganin zama a cikinsa, to a kira asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Abin da aka saba yi, wato a ce zazzaɓin cizon sauro ne a aika yaro kemis, shi ne kuskuren da ya fi tsada a gidan da ke da mai dashe. Kada kuma ki manta ki tambayi ranar da za a cire siririyar robar da akan bari tsakanin sabuwar ƙodar da mafitsara, wadda galibi akan cire cikin sati huɗu zuwa shida. Waɗanda aka yi wa aiki a ƙasar waje sukan dawo su manta da ita.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, wata 14 ke nan da aka yi mini dashe a Indiya. Alhamdu lillahi, na koma shago, ina jin ƙarfi kamar ban taɓa ciwo ba. Sai dai kuɗin magani ya yi mini nauyi tun da farashin dala ya tashi. Na fara tunanin in riƙa shan maganin sau ɗaya a rana maimakon sau biyu, tunda jikina ya riga ya saba da ƙodar. Ko akwai matsala? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Alhaji, akwai matsala, kuma muna roƙonka da girman Allah kada ka yi haka ko na kwana ɗaya. Jiki ba ya sabawa da ƙodar da aka dasa masa. Abin da kake ji a matsayin sabo aikin maganin ne, kuma ranar da maganin ya yi ƙaranci a jininka, garkuwar jikinka za ta farka ta kama aikinta, ko da bayan shekara goma ne. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a watan Disamba na 1954, ya yi nasara ne domin tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin ɗaya bai ga ƙodar ɗayan a matsayin baƙuwa ba. Sauran mutane sai da aka samo magungunan danne garkuwa, musamman saiklosforin a farkon shekarun 1980, sannan dashe ya zama aikin da ake yi da kyakkyawan zato. Idan ba ɗan tagwayenka mai kama ɗaya da kai ne ya ba ka ba, to kai da maganin nan mutu ka raba.

Abin da ya sa wannan shawara take da haɗari shi ne ƙin karɓar ƙoda ba kasafai yake zuwa da ciwo ba. Mutum yana cin abinci, yana zuwa kasuwa, yana jin garau, alhali a ciki ƙodar tana lalacewa sannu a hankali, kuma gwajin jini ne kaɗai, wato awon sinadarin kiriyatinin, yake tona asirin abin da ke faruwa. Kafin ƙafa ta kumbura, sau da yawa ɓarnar ta riga ta yi nisan da ba ta gyaruwa. Ƙodar da aka samu daga mai rai tana iya yin shekara 15 zuwa 20 tana aiki, wani lokaci fiye, kuma wasa da magani yana cikin manyan dalilan da ke yanke wannan wa'adi. Ka zauna da biro da takarda, kai da ka san lissafi, ka kwatanta kuɗin maganin wata guda da kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a kowane sati, ka haɗa da ranakun da shago zai zauna a rufe, sannan ka tuna da wanda ya kwanta aka yanka shi saboda kai.

Maganin da ake kira takrolimus, wanda da yawa suka sani da sunan Prograf, ana shan sa ne duk bayan awa 12, domin ana son adadinsa a jini ya tsaya a wani mizani, kada ya yi ƙasa jiki ya ƙi ƙodar, kada kuma ya yi sama ya cutar da ita. Shi ya sa ranar gwaji ake ɗibar jini kafin a sha na safe. Idan ka manta ka tuna da wuri, ka sha. Idan lokacin na gaba ya kusa, kada ka haɗa biyu, ka sanar da asibiti.

Nauyin kuɗin gaskiya ne, kuma ba mu raina shi ba. Hanyar da ta dace ita ce ka gaya wa likitanka a fili cewa aljihu ya gaza, ba tare da jin kunya ba. Akwai samfuran maganin na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, kuma akwai lokacin da likita kan sauya maikofenolet, ɗaya daga cikin magungunan danne garkuwa, da azatiyofirin wanda ya fi araha, amma kowane sauyi sai da gwajin jini a bayansa, saboda haka ba a yin sa a kan kantar kemis. Ka sayi magani a wurin da ka amince da shi, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka riƙa ajiye na aƙalla sati biyu a gefe, kuma kada ka bar shi a cikin mota ko a shago inda rana ke dukansa. Tunda a waje aka yi maka aikin, ya zama wajibi ka sami likitan ƙoda a gida wanda ke riƙe da fayil ɗinka. Tura sakamakon gwaji ta WhatsApp zuwa Indiya ba ya maye gurbin likitan da zai taɓa ka da hannunsa. Duk kuma wanda zai rubuta maka wani magani, ka fara gaya masa kana da dashe. Ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki, suna cutar da ƙoda, farasitamol ne naka. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfin takrolimus, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma irin su eritromaisin suna ninka shi.

Tambaya: Malam, wata biyar da yi mini dashe. Har yanzu a zaune nake salla a gida. Yaushe zan koma jam'i, kuma zan iya yin azumin bana? Ina kuma da niyyar Umara. Daga wani dattijo a Damagaram.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sabuwar ƙodar a gefen mara ake dasa ta, ba a baya inda tsofaffin suke ba, shi ya sa ruku'u da sujada suke ja wa mutum ɗinki a makonnin farko. Bayan sati shida zuwa takwas ciwon yakan warke, saboda haka a wata biyar, idan ba wani dalili likita ya ba ku ba, kuna iya gwada tsayuwa a sallar nafila ku ga yadda jiki zai karɓa. Jam'i ma kuna iya komawa da izinin likita, ku fara da masallacin unguwa, ku tafi da dardumarku, ku tsaya a gefen sahu inda iska take, ku sa takunkumi musamman a lokacin hunturu da ƙura da mura suke yawa. Cunkoson Juma'a da na Idi a ɗan jinkirta su.

Azumi kuwa, abin da likitocin ƙoda suka fi tafiya a kai shi ne kada a yi shi a shekarar farko bayan dashe. Yinin awa 13 zuwa 14 ba ruwa, a ƙasar da zafi kan haura digiri 40, yana busar da jiki, sabuwar ƙoda kuma ba ta jure ƙishirwa kamar ta asali, ga shi lokutan sahur da buɗe-baki ba su dace da tazarar awa 12 ta magani ba. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma malaminku zai yi muku bayanin ramuwa ko ciyarwa gwargwadon abin da likita ya tabbatar. Bayan shekara, idan gwaje-gwaje sun daidaita, mutane da yawa suna azumi lafiya, bayan an sake tsara musu lokutan magani tun kafin watan ya kama.

Umara ma a bari shekara ta cika. Idan lokacin ya yi, ku sani cewa allurar rigakafin sanƙarau ba ta da matsala, amma ta cutar shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, kuma ba a yi wa mai dashe ita. Likita zai rubuta muku takardar uzuri. Ku riƙe magani a jakar hannu, fiye da na kwanakin tafiyar, ku kuma lura cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu.

Tambaya: Shekarata 26, an yi mini dashe wata takwas da suka wuce, kuma an sa ranar aurena. Fuskata ta yi kumburi, hannuna yana rawa, gashina yana zuba. Shin haka zan zauna? Kuma zan iya haihuwa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sanya alheri. Cikar fuska daga firednisolon take, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba mai dashe, rawar hannu da zubar gashi kuma daga takrolimus, kuma dukansu sukan ragu yayin da likita yake rage adadin maganin. Ki gaya masa, domin rawar hannu mai yawa tana iya nuna cewa maganin ya yi yawa a jini. Firednisolon yana buɗe ciki, shi da takrolimus kuma suna iya jawo ciwon suga, saboda haka ki kula da zaƙi da maiƙo, ki riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranaku. Ki guji mayukan bilicin da haɗe-haɗen gyaran jiki da ake ɗura wa amare, na sha da na matsi, komai matsin lambar ƙawaye da gwaggwanni.

Aure ba shi da wata matsala, kuma mata da yawa sun haihu lafiya bayan dashe. Hasali ma haihuwar da ciwon ƙoda ya tsayar takan dawo cikin 'yan watanni. Sharaɗin shi ne a jira aƙalla shekara ɗaya, wasu likitocin sukan ce biyu, ƙoda tana aiki daidai, hawan jini yana kwance. Abu mafi muhimmanci shi ne maikofenolet, wanda ake sayarwa da sunan Cellcept ko Myfortic, yana jawo ɓari da nakasa ga jariri, kuma dole ne a sauya shi aƙalla sati shida kafin a nemi ciki. Saboda haka ku je wurin likita ke da angon tun kafin biki, a tsara muku hanyar tazara, kuma ya ji komai da kunnensa. Idan ciki ya shiga ba shiri, kada ki daina magani da kanki, ki je asibiti a ranar da kika sani.

Tambaya: Ni ne na ba yayana ƙoda, sati biyar ke nan. Kowa ta shi yake yi. Ni direban Keke Napep ne, iyalina suna jira. Yaushe zan koma aiki, kuma gaskiya ne mai ƙoda ɗaya ba ya daɗewa? Daga wani matashi a Gashuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri, kuma ƙorafinka yana kan hanya, domin sau da yawa akan manta cewa mutum biyu aka yi wa tiyata. Maganar rashin daɗewa ba gaskiya ba ce. Ronald Herrick, wanda ya ba ɗan'uwansa ƙoda a aikin farko na 1954, ya rayu shekara 56 bayan haka, ya rasu a 2010 yana da shekara 79. Ƙodar da ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin biyun, kuma kai ba ka buƙatar maganin danne garkuwa.

Yawancin masu bayarwa sukan koma aiki cikin sati huɗu zuwa takwas, amma aikinka na jijjiga ne a kan hanyoyi masu ramuka, saboda haka ka bari likita ya duba ɗinkin ya sallame ka tukuna. Alamar da za ka gwada kanka da ita ita ce ka iya taka birki da ƙarfi, ka kuma juya jikinka, ba tare da jin zafi ba. Ka fara da rabin yini, kada ka ɗaga buhu ko jarkar ruwa ko ka tura keken idan ya mutu har sai an yi kamar wata uku, domin kada wurin ɗinkin ya buɗe ta ciki ya zama ƙaba. Yankinku na cikin wuraren da ciwon ƙoda ya yi yawa, aikinka kuma na cikin rana ne, don haka gorar ruwa ta zauna a gefen kujerarka kullum, ka rabu da ƙwayoyin ciwon jiki da na ƙarin kuzari da ake sayarwa a tasha. Sau ɗaya a shekara ka je a auna maka hawan jini, a gwada fitsari da jini, ko da kana jin lafiya lau, kuma ka ajiye takardun sakamakon wuri guda domin likita ya riƙa kwatanta na bana da na bara.